In aka sallame ka daga aiki bayan shekaru sun ja: abin yi tun daga ranar da ka amshi takarda

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar aka fara kiranmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shiga sai ya fito da farar ambulan yana kallon ƙasa. Ni ne na bakwai. Shekarata 19 ina riƙe da makullin sito a wannan kamfani, ba zan faɗi sunanshi ba don ba shi ne zancen ba, lokacin ina da shekara 48 da mata ɗaya da ɗiya shida, babbar tana aji biyu a jami'a. Manajan yaro ne da na girme ma nesa ba kusa ba, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce Baba ka yi haƙuri wallahi daga sama ne. Na ce ba komi. Na fito na hau mashin, kuma har yau ban san yadda aka yi na tsinci kaina a Ƙofar Guga ta nan Katsina ba alhali gidana ta Ƙofar Ƙaura ake bi.

Wanda aka sallama yana ɗan shekara 28 daban, wanda aka sallama furfura ta fara fitowa daban. Yaro zai ɗauki jaka ya tafi Abuja ko Legas ya kwana ɗakin aboki, kai kuwa kana da kuɗɗin makaranta da na asibitin tsohuwa da 'yan'uwan da suka saba in wata ya ƙare su ji alat. Mu nan arewa mun ga wannan abu ba sau ɗaya ba, masaƙun Kaduna da suka durƙushe, haɗe bankuna na 2005 da ya mayar da 89 zuwa 25, saida kamfanin wuta a 2013, ga kuma abin da ya biyo bayan cire tallafin mai a 2023. Toh ga yadda nake ganin ya kamata mutum ya bi abin, wani na yi shi daidai wani kuma sai da na sha wuya na gane.

Na farko, kar ka sa hannu a ruɗe

Ranar da aka miƙa maka takarda kanka ba ya aiki, kar ma ka yi musu. In an ce ka sa hannu cewa ka amshi wasiƙa ba laifi, sa hannu ka rubuta kwanan wata. Amma in takardar na cewa ka yarda an biya ka duk haƙƙinka ba ka bin su ko sisi, ka ce za ka je gida ka karanta, ka nemi kwafi, babu wanda zai ɗaure ka don ka nemi kwana biyu. Sannan ka duba kalmar da suka yi amfani da ita, domin rage ma'aikata daban, kora bisa laifi daban, ajiye aiki don raɗin kai shi ma daban. Akwai wuraren da za a lallaɓe ka a ce Alhaji rubuta takardar ajiye aiki da kanka ya fi mutunci, kai kuma da jin kalmar mutunci sai ka rubuta, toh ka yafe kuɗɗin rage ma'aikata ke nan da hannunka.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta yi magana a kan wannan. Sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara 5 ko fiye sai an ba shi notis na wata guda, wanda ya yi tsakanin shekara 2 zuwa 5 sati biyu, kuma ana iya biyan kuɗɗi a madadin notis ɗin. Sashe na 20 kuma shi ne na rage ma'aikata, ya ce sai kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, kuma kamfani ya yi iya ƙoƙarinshi a daidaita a kan kuɗɗin sallama. Ka lura dokar ba ta yanke adadi ba. Adadin yana cikin takardar ɗaukarka aiki ko littafin ƙa'idojin ma'aikata ko yarjejeniyar da ƙungiya ta yi da kamfani, kuma in kai babban ma'aikaci ne mai riƙe da ofis, galibi waɗannan takardu ne ma hujjarka kacokan. Shi ya sa wannan ɗan littafi da aka ba ka ranar da ka fara aiki ka jefa cikin akwati, yau ranarshi ce, tono shi.

Kafin mai gadi ya fara tambayarka wa kake nema, don wallahi sati biyu ya isa hakan ta faru, ka tattara takardar ɗauka aiki da ta tabbatarwa da na ƙarin girma, takardun albashi na aƙalla wata shida na ƙarshe, shaidar harajin da ake cire maka, lissafin abin da ka tara a adashen ma'aikata, da wasiƙar shaida cewa ka yi aiki lafiya ka rabu lafiya. In kana riƙe da kaya ko kuɗɗi kamar yadda nake riƙe da sito, kar ka miƙa makulli sai an ƙirga komi gaban shaida an sa hannu ka riƙe kwafi. Na san wanda bai yi haka ba, bayan wata huɗu aka ce kaya sun ɓace aka zabtare mashi daga garatuti, ba shi da bakin magana. Ka ɗauki hoton kowace takarda da waya ka tura ma wani ɗanka ya ajiye.

In sun ƙi biya, fara da wasiƙa cikin ladabi, sai ƙungiya in kuna da ita, sai ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke nan Katsina, suna kiran ɓangarori biyu a zamna a sasanta. In abin ya ƙi, kotun ma'aikata ta ƙasa ce ke da hurumin irin wannan shari'a, akwai reshenta a Kano. Kar ka ja lokaci, musamman in hukumar gwamnati ce, domin akwai tsohuwar doka ta wata uku da lauyoyinsu ke son kafa hujja da ita su ce ka makara. Kuma ku haɗu ku da abin ya shafa ku ɗauki lauya ɗaya, ya fi sauƙi ya fi kwarjini.

Na biyu, faɗa ma iyali, kuma da wuri

Nan ne na yi wauta, bari in faɗa don kar wani ya maimaita. Sati uku cur ina tashi da safe in yi wanka in sa kaftani in karya hula in ce na tafi ofis. Sai in je wani masallaci can wajen gari in zamna ƙarƙashin bedi har azahar, in sayi ruwan leda da gyaɗa, in ƙona man mashin a banza, in dawo da yamma har da ledar lemu don kar a gane. Rannan na shigo, uwargida ta aje mani tuwo ta zamna gefen tabarma ba ta tashi ba kamar yadda ta saba, can ta ce Malam, tun ranar Juma'ar farko matar abokin aikinka ta faɗa mani, ina jira ne ka faɗa da bakinka. Sai ta kwance bakin zane ta aje mani kuɗɗin adashenta gabana. Ban iya cin tuwon nan ba.

Abin da na ƙona a sati ukun nan na mai da lemu da kyautar ganin ido ya isa buhun gero. Kunya ce ta ci shi. Kuma ita kunyar nan in ka bibiya ita ce ke cinye yawancin waɗanda aka sallama, ita ke sa mutum ya ci bashi ya yi ragon suna na gani na faɗa, ita ke sa ya ci gaba da ba 'yan maula abin da ya saba, ita ke hana shi zuwa wajen yayanshi ya ce Yaya ga halin da nake ciki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka zamna da matarka ko matanka a cikin kwana uku na farko, in biyu ne ka faɗa masu lokaci ɗaya kar wata ta ji a bakin wata. Manyan ɗiya ma a gaya masu, ƙanana dai a ce za a ɗan rage wasu abubuwa. Ke kuma 'yar'uwa in ke aka sallama, musamman in albashinki ne ke riƙe da gidan ko kina rainon marayu, maganar ɗaya ce, ki samu wanda kika yarda da shi cikin 'yan'uwa ki buɗe mashi ciki, kar ki fara saida sarƙa da ɗan kunne a ɓoye ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, biro da takarda

Samu littafin makaranta mai shafi 40 ka raba shafi biyu. Gefe ɗaya duk abin da kake da shi, kuɗɗin banki, wanda ake sa ran biya, bashin da kake bi wanda da gaske za a biya, dabbobi, hatsi. Ɗaya gefen abin da gida ke ci a wata, kuma kar ka ƙiyasta da ka, tambayi mai girki ita ta san tiya nawa ke tafiya. Raba na farko da na biyu, abin da ya fito shi ne watannin da kake da su. A ce kana da naira miliyan 2 da dubu 400 gida na cin dubu 300, wata takwas ke nan, in ka matse ya dawo dubu 200 ka sayi wata huɗu kyauta ba ka fita ko ƙofar gida ba.

Abinci da magani da haya su ne gaba. Makarantar kuɗɗi ita ce mai zafi, ni dai ra'ayina wanda ke ajin ƙarshe a daure a bar shi ya gama, ƙanana a mayar da su mai sauƙi ko ta gwamnati a ƙarshen zango, kuma ka je da kanka wajen mai makaranta ka nemi a raba maka biya, da yawa suna yarda in ka zo kafin a koro yaron. Mota in ba nema kake da ita ba, aje ta ko ka saida tun tana da daraja. Gida da gonar gado kuwa kar ka kusance su a shekarar farko.

Na huɗu, bashi

In kana da bashin albashi a banki ka riga su zuwa. Tun 2020 babban banki ya ba bankuna damar bin lambar BVN su kwashi kuɗɗin wanda ya ƙi biya daga duk asusun da yake da shi a wani banki, saboda haka wayon canza banki ba ya aiki. Kuma in kuɗɗin sallamarka ta asusun albashi za su shigo, kana barci za su cire nasu. Ka je da takardar sallama, ka nemi a nuna maka abin da ya rage a rubuce, ka tambaya ko bashin na da inshora don wani yana da ita kuma ba za su faɗa maka ba sai ka tambaya, ka nemi a tsawaita lokaci a rage na wata. Bashin manhajar waya kuwa, waɗanda ke tura ma surukanka saƙo cewa kai ɓarawo ne, ko da wasa.

Na biyar, fansho, a nan sai ka natsu

In kamfaninku na cikin tsarin fansho na karo-karo, wanda aka fara da dokar 2004 aka sabunta a 2014, kana da asusu da sunanka a hannun kamfanin kula da fansho, kuma kuɗɗin naka ne ko an kore ka ko kamfanin ya rushe. A dokar 2014 ana cire kashi 8 daga albashinka mai aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Abu na farko ka je ofishinsu ka amshi cikakken lissafi tun daga farko, ka bi shi wata-wata da yatsa. Ni da na bi nawa sai na tarar da wata 14 babu komi alhali an cire a takardar albashi. Doka ta ce a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 a kowane wata ga wanda ya riƙe. Ka rubuta ma tsohon wurin aikinka, in sun yi kunnen ƙashi ka kai ƙorafi hukumar fansho ta ƙasa wato PenCom, tana da masu bin irin wannan bashi.

Sai maganar shekaru, don ita ke raba hanya. In ba ka kai 50 ba, kuma ka yi wata huɗu ba ka samu wani aiki ba, kana da damar ɗaukar abin da bai wuce kashi 25 na abin da ke asusun ba. Sau ɗaya ake yi, sauran sai ka cika 50. In kuwa ka kai 50, kamar wani abokina da aka sallame mu tare yana da 54, lissafin 'yan ritaya za a yi maka, a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran kuma ka zaɓa, ko kamfanin fanshon ya riƙa biyanka wata-wata daga asusunka, ko a saya maka fanshon inshora da ake biya har ƙarshen rai. Kowane da amfaninshi da illarshi musamman wajen abin da magada za su samu, kar ka bari ɗan talla ya zaɓa maka a tsaye bakin ƙofa, ka sa a rubuta maka lissafin duka biyun ka kai gida. Wanda kuma ke gudun kuɗɗin ruwa, akwai wani nau'in asusun fansho da ake kira asusu na shida da aka ɓullo da shi wanda ba ya mu'amala da ruwa, ana iya neman a mayar da kai can.

Abin da ke ɓata ma mutane lokaci ba wani abu ba ne illa saɓanin suna da ranar haihuwa. A katin ɗan ƙasa kai Muhammad ne, a banki Mohammed, a fansho Moh'd, ranar haihuwa kuma uku daban-daban saboda wancan rage shekaru da aka yi lokacin neman aiki, kowa ya san zancen. Toh ka yi amfani da watanni huɗun jira ka gyara wannan, ka sabunta bayananka a kamfanin fansho da lambar NIN, ka tanadi takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru da hotuna da takardar sallama. Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma ba a biyan kowa ko kwabo don a fitar maka da kuɗɗinka.

Shin a ɗauki kashi 25 ɗin? Ni na ɗauka don kuɗɗin jami'a ya taso ba ni da wata hanya, amma in kana da 47 ko 48 kuma za ka iya lallaɓawa, ka sani duk abin da ka ɗiba yau daga fanshon tsufanka ka ɗiba. Ma'aikatan jiha da ƙananan hukumomi tsarinsu na iya bambanta, su bi ta ofishin fanshonsu. Ka kuma duba takardar albashi ko ana cire maka kashi 2.5 na asusun gidaje, wannan yana bankin bada lamunin gidaje na tarayya kuma ana mayar ma mutum in ya cika sharuɗɗa, irin su kai shekara 60, mutane da yawa sun manta da shi sam.

Na shida, ranar da kuɗɗi suka shigo

Ban san yadda labari ke fita ba amma yana fita. Wanda rabonka da shi tun firamare sai ga shi da sallama bayan isha'i, akwai wata harka Alhaji, ka sa miliyan ɗaya duk wata ka amshi dubu 200 kana kwance. Mun ga MMM da ta rufe da kuɗɗin jama'a a Disambar 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, kuma kafin ka gama karanta wannan wata ta fito da sabon suna, wani lokaci har da ayoyi da hoton malami. Duk ribar da aka yanke maka adadinta tun kafin a yi ciniki ka gudu. Haka masu saida takardar ɗaukar aikin gwamnati, ka ba da dubu ɗari biyar a sa ɗanka a kwastan, ƙarshenta ka rasa kuɗɗin ka rasa bakin kai ƙara don kai ma ka san abin da ka yi.

Dokar da na sa ma kaina, kuma ita ce ta cece ni, kuɗɗin nan ba za a taɓa su da sunan jari ba sai bayan wata uku. Na kai su wani asusu da ba ni da katinshi ba ya kuma kan wayata. Na raba uku, na cin gida na wata shida, na ko-ta-kwana saboda ciwo, sai abin da ya rage shi ne jari, kuma shi ma ba duka a harka ɗaya ba. 'Yan'uwa masu neman rance ka ware ɗan abin da za ka iya bayarwa kyauta ka ce wannan ne iyakar ƙarfina, ya fi ka ba da rancen da zai raba zumunci.

Na bakwai, mi za a yi yanzu

Maganar gaskiya, sabon aikin ofis mai albashi irin na da yana wuya ga mai shekara 50, tallar aikin gwamnati ma galibi da iyakar shekaru take fitowa. Amma ba a rasa na kwantiragi, makarantu masu zaman kansu, ƙungiyoyin agaji, asibitocin kuɗɗi, gidajen mai, 'yan kasuwar da dukiyarsu ta fi ƙarfin lissafinsu. Irin wannan aiki ba a intanet ake samunshi ba, a bakin mutane yake. Rubuta sunan mutum 20 da suka san aikinka, tsoffin iyayen gida da dillalai da abokan hulɗa, ka riƙa zuwa wajen biyu duk sati, kuma kar ka ce a taimaka mani da ko mi ne ne, ka ce na iya kaza, in ka ji mai buƙata ka tuna da ni. Ka sa ɗanka ya koya maka Excel, wato manhajar lissafi ta kwamfuta, da tura takarda ta waya, sati biyu ya isa, girman kai ne kawai wahalar.

In sana'a ce, fara da abin da ke kusa da aikin da ka sani. Direba ya san mota, akawu ya san lissafi, malami ya san darasi. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya kwashe shekara 25 kan kujera rana ɗaya ya zuba miliyoyi a kaji dubu bai taɓa kiwon ko goma ba. Duk abin da ka zaɓa ka bi mai yi na wata biyu ko uku kamar yaron shago, ka je Charanci ko Mai'adua ranar kasuwa ba da kuɗɗi ba, ka tsaya kusa da dillali ka ji yadda ake taya sa da rago, ka ga la'ada nawa, kuɗɗin mota nawa, ina ake cutar baƙo. Turkar raguna don babbar salla tana da riba ga wanda ya saya da wuri ya tanadi harawa da dusa tun da kaka, wanda ya tsaya sayen abinci tiya-tiya da bazara kuwa ragon ne zai ci ribar. Fara da uku ko huɗu. Ajiyar hatsi daga su Dandume da Bakori ma sana'a ce, amma waɗanda suka cika sito a kakar 2024 suna jiran tashi sun ji a jikinsu da farashi ya faɗo a 2025, saboda haka ba kullum ake kwana a gado ba. Noman rani a Ajiwa ko Sabke ko Daberam, ari ko hayi ɗan fili ka gwada shekara ɗaya tukuna. Gona a yankunan da tsaro ya taɓarɓare, ta wajen Batsari ko Safana ko Faskari, ka tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a wannan watan, kar arha ta ja ka.

Keke Napep a ba yaro yana kawo balas, da shagon POS a aje yaro, su ne kowa ke fara tunani, kuma su ne na fi ganin sun kwantar da mutane, don duk harkar da ba ka zaune kanta ta yaron ce ba taka ba. In dole sai ka yi, a rubuta yarjejeniya da mai tsaya mashi da shaidu. Tallafi da rance na hukuma akwai su, SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i da NDE mai samar da aikin yi da bankin masana'antu da hukumar KASEDA ta jiha mai bunƙasa sana'o'i, ka yi rajistar sunan sana'a ka cike fom in an buɗe, amma kar ka ɗora tukunya a wuta saboda su.

Na takwas, jikinka

Wata biyu da sallamata na fara farkawa ƙarfe biyu na dare in kasa komawa, ƙeya na sara, abu kaɗan in hau yara da faɗa. Da aka auna ni a wani kemis mai awon ya sake aunawa sau biyu ya ce Baba daga nan asibiti za ka. Hawan jini ne, ban taɓa sanin ina da shi ba. Katin asibitin kamfani yana mutuwa tare da aikin, saboda haka ka je a duba jini da suga tun yana aiki, sannan ka bincika shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ko na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, duka suna da hanyar da mai zaman kanshi ke biya a shekara. Mai shan magani kullum kar ya fara tsallake kwana don tattali.

Addu'a da tawakkali su ne jigo, amma in ka ga sati biyu uku ba barci ba cin abinci, ka daina fita jam'i, ko zuciya ta fara raya maka cewa gara ba ka, wannan ciwo ne da likita ke dubawa, ka faɗa ma wani yau ka je asibitin koyarwa na tarayya ko babban asibiti, ba hauka ba ne ba kuma raunin imani ba. Ka riƙe lokacin tashi, ka taka da ƙafa bayan asuba, ka samu inda za ka je kowace safiya ko da shagon aboki ne. Majalisa a je a gaisa a sha shayi, amma wadda ake zama tun hantsi har magariba ana zagin gwamnati da tsohon manaja, awa ɗaya ta isa.

Ni dai wata bakwai na yi kafin wani Alhaji mai saida taki da hatsi, wanda da nake ba shi kaya a sito, ya ce in zo in duba mashi littattafai don yaranshi na ruɗa shi. Ranar farko na tarar da buhu 31 da ba a san inda suka shiga ba. Yanzu mutum uku nake ma wannan aiki, Litinin da Talata wajen ɗaya, Laraba wajen na biyu, na ukun sai ranar da mota ta sauke kaya ya kira ni, abin da nake samu bai kai albashin da ba amma babbar ta gama jami'a, kuma raguna huɗu na nan bayan gida suna jiran watan layya.